Bindiga Biyu a Jikin Mutum Ɗaya: Daga Ina Wannan Al'ada ta Amurkawa Ta Samo Asali?

Ranar 30 ga Janairu, 1835, shugaban Amurka Andrew Jackson yana fitowa daga ginin majalisa a birnin Washington bayan jana'izar wani ɗan majalisa, sai wani mai fentin gidaje, Richard Lawrence, ya tare shi. Ya zaro ƙaramar bindiga daga cikin tufafinsa, ya saita shugaban, ya ja kunama. Aka ji ƙara, amma harsashi bai fita ba. Ya yar da ita, ya zaro ta biyu, ita ma ta ƙi tashi. Jackson, dattijo mai shekara 67, ya hau shi da sandar da yake dogarawa har sai da mutane suka shiga tsakani. Daga baya da aka gwada bindigogin, dukkansu sun tashi lafiya lau. Abin da masana tarihi suka fi zargi shi ne laimar da ke gari a wannan rana, wadda ta jiƙa albarushin.

Mai karatu, ka riƙe wannan labari, za mu dawo kansa. A yau a Amurka akwai farar hula, ba 'yan sanda ba, ba sojoji ba, da suke fita daga gida da ƙaramar bindiga a ɓoye a ƙugu, da wata kuma a idon sawu ko cikin aljihu, duk da sunan kare kai. Idan ka ji haka za ka iya cewa wannan ai tsoro ne ya yi yawa, ko kuma kallon fina-finai. Amma al'adar ta girmi fim nesa ba kusa ba, kuma da farko ba ruwanta da burga. Matsala ce ta kimiyyar albarushi ta haife ta.

Zamanin harbi ɗaya

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, yawancin ƙananan bindigogi sau ɗaya suke harbi. Ta baki ake ɗura su: ka zuba albarushi, ka sa dalma, ka danna da sanda. Shi baƙin albarushi haɗi ne na abu uku, kusan kashi 75 cikin 100 gishirin fotasiyam naitiret, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Yana zuƙar laima daga iska, kuma da zarar ya jiƙe ba ya kamawa. A tsofaffin bindigogi ƙanƙara ce ke bugun ƙarfe ta fitar da tartsatsi, kamar ƙyastu. Tartsatsin na iya kaucewa, ƙanƙarar na iya dakushewa. Ƙwararren soja da doguwar bindiga, idan ya yi ƙoƙari, ya yi harbi uku a minti ɗaya.

Mu nan mun san wannan matsala, har ma mun sa ta cikin sunan bindigar maharbanmu: harbi-ka-ruga. Wato in ka harba ka gama, abin da ya rage maka ƙafa ce. To, wanda ba ya son rugawa dole ya nemi wata dabara, dabarar kuwa ita ce ya ɗura bindiga biyu tun daga gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa a Turai da Amurka maƙera suke sayar da ƙananan bindigogi bibbiyu a akwati ɗaya, matafiyi ya rataya su a gaban sirdi ko ya sa a aljihun kwat. Wani littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a 1724 ya ce Edward Teach, wanda aka fi sani da Blackbeard, bindiga shida yake ratayawa a jikinsa idan zai shiga faɗa.

Ko da aka zo zamanin 'yar bindigar aljihu da Henry Deringer na Philadelphia ya ƙera, abin bai canza ba, ita ma sau da yawa bibbiyu ake sayar da ita. Da irinta John Wilkes Booth ya harbi shugaba Abraham Lincoln ranar 14 ga Afrilu, 1865. Da yake harbi ɗaya take yi, wuƙa ya riƙe a matsayin makami na biyu, kuma da ita ya sassari Manjo Henry Rathbone da ya yi ƙoƙarin kama shi.

Libarba ta zo, amma ɗuri bai yi sauƙi ba

A 1836 Samuel Colt ya samu rajistar mallakar fasahar libarba a Amurka, wato bindiga mai gida da ke juyawa, yana ɗauke da harbi biyar, daga baya shida. Ci gaba ne babba, sai dai kowane rami daga cikin shidan sai an zuba masa albarushi, an danna dalma, sannan an ɗora 'yar hular tagulla da ke kunna wutar. Aiki ne na mintoci, ba wanda za a yi a bayan doki ko a tsakiyar faɗa ba. Saboda haka mayaƙan sunƙuru na jihar Missouri a yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, suka riƙa ɗaukar libarba da yawa, wata a ɗamara wata a sirdi. Idan ɗaya ta ƙare sai a zaro wata.

Shahararren ɗan bindigar nan Wild Bill Hickok da libarba biyu ƙirar Colt ta 1851 aka san shi. Amma ka san yadda ya mutu? Ranar 2 ga Agusta, 1876, yana zaune yana wasan karta a garin Deadwood, wani Jack McCall ya zo ta bayansa ya harbe shi a ka. Bai ko kai hannu ga makami ba.

Abin da ya kashe matsalar ɗuri shi ne harsashi mai kwanson ƙarfe, wanda ya haɗa albarushi da dalma da makunni a abu guda, laima ba ta shiga cikin sauƙi. Kamfanin Smith & Wesson ya fara sayar da libarba mai irin wannan harsashi a 1857. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi. Sai bindigogi masu gidan harsashi da ake zarewa a sa wani cikin daƙiƙu: ƙirar Colt ta 1911 tana cin bakwai, Browning ta 1935 tana cin 13, Glock 17 da aka ƙera a Ostiriya a farkon shekarun 1980 tana cin 17. Ka ga kenan bindiga ɗaya ta yau ta fi biyun Hickok harsashi. A ƙa'ida, ya kamata a ce al'adar ta mutu. To me ya raya ta?

Darasin da 'yan sanda suka koya da jini

A watan Maris na 1963, wasu 'yan fashi biyu suka rutsa da 'yan sandan Los Angeles biyu, Ian Campbell da Karl Hettinger. Da aka ɗora wa Campbell bindiga, Hettinger ya miƙa tasa. Aka tafi da su wata gonar albasa kusa da Bakersfield, aka kashe Campbell, Hettinger ya tsere cikin duhu. Har yau masu horar da 'yan sanda suna kafa hujja da wannan lamari idan suna maganar ɓoye bindiga ta biyu.

A Afrilun 1970 kuma, a Newhall da ke Kalifoniya, aka kashe 'yan sandan kan hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Ɗayansu, James Pence, yana tsugune yana zura harsashi ɗaya bayan ɗaya a libarbarsa aka zo aka harbe shi. A daidai wannan zamani, wata runduna ta 'yan sandan New York da ke fakewa a cikin shaguna tana jiran 'yan fashi ta yi suna wajen ɗaukar libarba fiye da ɗaya. Jim Cirillo ne ya fi shahara a cikinsu. Zaro bindiga ta biyu maimakon tsayawa ɗura ta farko har laƙabi ya samu, ana ce masa ɗurin New York. Da tsofaffin 'yan sanda suka koma koyar da farar hula harbi da rubutu a mujallun bindiga, sai suka tafi da wannan darasi.

Yadda doka ta juya

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, Amurkawan ƙarni na 19 ɓoye makami suke ɗauka a matsayin halin maha'inci. Mai mutunci a fili yake rataya nasa kowa ya gani. Jihohin Kentucky da Louisiana sun haramta ɓoye makami tun 1813. Kotun Kentucky ta rushe dokar a 1822, amma a 1850 jihar ta gyara tsarin mulkinta don ta ba majalisa ikon hanawa. Garin Tombstone da fina-finan kaboyi suka tallata, a 1881 yana da dokar hana yawo da makami a cikin gari. A 1911 jihar New York ta kafa dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi kafin mallakar ƙaramar bindiga.

Guguwar ta juya ne daga 1987, lokacin da Florida ta yi dokar da ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole hukuma ta ba shi lasisin ɓoye bindiga. Jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin New York na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman. Yanzu fiye da rabin jihohi 50 ba sa ma neman lasisi. Yawancinsu ba su iyakance adadin da mutum zai ɗauka ba, amma New Mexico ta ce mai lasisi bindiga ɗaya zai ɓoye a lokaci guda. Kwatanta da Najeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa.

Bari mu yi lissafi

Masu ɗaukar biyu a yau hujjojinsu ba na wasa ba ne. Suna cewa bindiga na'ura ce, tana iya cijewa. Ana iya ji maka rauni a hannun dama. Idan kana zaune a mota da bel, ta ƙugu ba ta zaruwa da sauri. Wannan tunani injiniyoyi sun san shi, shi ne dalilin da ya sa jirgin fasinja yake da inji fiye da ɗaya.

Ga misali, lambobin na kwatance ne kawai. A ce bindiga tana ƙin tashi sau 1 cikin 100. Idan kana da biyu, yiwuwar dukkansu su ƙi shi ne 1 cikin 100 sau 1 cikin 100, wato 1 cikin 10,000. Lissafi mai daɗi. Amma yana da sharaɗi: dole ne abin da zai hana ta farko ya zama ba shi da alaƙa da abin da zai hana ta biyu. A ɗakin gwajinmu mun taɓa raba samfura a firji biyu muna ganin mun yi dabara, ashe duka biyun a kan layin wuta ɗaya suke. Ranar da layin ya ƙone muka yi asarar aikin watanni.

Yanzu ka tuna Richard Lawrence. Bindigoginsa biyu ne, amma laimar ɗaya ce. Ka tuna Hickok, wanda ko bindiga goma gare shi ba za su ba shi ido a ƙeya ba. A zamanin yau laimar ita ce shi mutumin. Idan firgici ya zo, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta yi ta bugawa, yatsu su rasa ƙwarewa, gani ya taƙaita ga abin da ke gaba. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke sarrafa bindigogin biyu, idan ta rikice sun rikice tare. Idan kuma ƙirarsu ta bambanta, an ƙara mata aiki ne. Hausawa dai sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen lissafin da ba a cika yi ba. Amfanin bindiga ta biyu yana zuwa ne a wani lokaci da mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba a rayuwar mutum, amma haɗarinta kullum ne: a fizge ta a cikin kokawa, a manta ta a banɗaki, yaro ya tsince ta a gida, ta tashi da kuskure wajen cirewa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka bisa alƙaluman hukumar CDC, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe.

Kan yawan lokutan da ake kare kai da bindiga, masana sun rabu sosai. Binciken Gary Kleck da Marc Gertz na 1995 ya ƙiyasta kusan miliyan 2.5 a shekara, alhali ƙiyasin da ake samu daga binciken gwamnati na waɗanda aka yi wa laifi yana kusa da 100,000 ko ƙasa da haka. Amma ko a binciken Kleck ɗin, mafi yawan waɗanda suka ce sun kare kansu ba su harba ko sau ɗaya ba. A 1998 John Lott ya yi iƙirarin cewa sassauta dokar ɓoye bindiga na rage laifi. Majalisar bincike ta ƙasa ta duba a 2004 ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2019 John Donohue da abokan aikinsa suka samu akasin haka, cewa bayan shekara goma laifukan ta'addi sun fi abin da ake tsammani da kashi 13 zuwa 15 cikin 100.

Saboda haka, mai karatu, idan ka sake ganin jarumin fim ya zaro bindiga ta biyu daga safa, ka san abin yana da asali. Matafiyin 1800 lissafinsa daidai ne, domin albarushinsa na jiƙewa kuma harbinsa ɗaya ne. Ɗan sandan da aikinsa shi ne ya tunkari ɗan fashi, shi ma yana da hujjarsa. Farar hular yau ya gaji maganin ne bayan an riga an warkar da yawancin ciwon. Kuma tambayar da ta dace da shi ita ce wadda ta dace da kai a duk inda ka ajiye abu biyu don gudun ɓacin rana, ko janareta ne, ko layin waya, ko ajiyar kuɗi: shin abin da zai kayar da na farkon zai bar na biyun a tsaye?