Masu Ƙidayar Ƙudan Fure a Ingila

Daga cikin al'adun mutanen Ingila waɗanda ba a cika ambatonsu a littattafan tarihi ba, akwai al'adar mutum ya ajiye daftari yana rubuta abin da ya gani na halittun Ubangiji a bayan gidansa, da ranar da ya gan shi da wurin, ko da kuwa abin bai wuce ƙuda ba. Gilbert White, malamin addinin Kirista wanda littafinsa kan ƙauyen Selborne ya fito a 1789, shi ake ɗauka jagoran wannan tafarki.

Ƙudan fure yana cikin waɗanda suka ci gajiyar al'adar. Wanda ya gan shi da zanen rawaya da baƙi zai rantse rina ce ko ƙudan zuma, alhali ba ya harbi, fikafikansa kuwa biyu ne, nasu huɗu; yakan tsaya cik a iska a kan fure, sa'an nan ya fizga gefe kamar ƙiftawar ido. Fa'idarsa ga manomi babba ce, domin yana kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, tsutsar waɗansu irinsa kuma darɓa take ci.

George Verrall, wanda sana'arsa shirya sukuwar dawaki ce a Newmarket, ya wallafa babban littafi a kan ƙudan fure a 1901, amma ilmin ya zauna hannun tsiraru har 1976, lokacin da aka kafa tsarin tattara rahotanni daga kowa da kowa, daɗa a 1983 littafin Alan Stubbs da Steven Falk ya fito da zane-zane masu launi, wanda ya sa ko ɗan makaranta ya iya rarrabe iri da iri.

A ganina babu wanda ya kai Jennifer Owen himma. Wannan baiwar Allah, masaniyar dabbobi ce da ta taɓa zama a Uganda da Saliyo, ta kafa tarko mai siffar ƙaramin tanti a lambun gidanta da ke birnin Leicester a 1972, kuma shekara 30 cur tana zazzage shi, tana tantancewa, tana rubutawa, har ta ƙidaya halittu iri 2,673 na tsiro da dabba, 94 daga ciki ƙudan fure ne, wato kusan sulusin irin da aka sani a ƙasar baki ɗaya. 

Yau hoton ƙudan ake ɗauka da waya a tura wa masana ta Facebook su faɗi sunansa. Da irin waɗannan rahotanni ne aka bi sawun wani ƙaton iri mai kama da rina, wanda ya kafu a kudancin Ingila a shekarun 1940, aka ga yadda yake ta gusawa arewa.