Shari'ar Tsofo Gubba da Tarihin Ɗaukaka Ƙara a Arewacin Nijeriya

Kafin zuwan Turawa, wanda bai gamsu da hukuncin alƙali ba yakan kai kukansa majalisar sarki, inda ake auna hukuncin da littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar. Bayan 1903 Turawa sun bar alƙalai a kan buzayensu, sai dai sun ɗora musu Razdan da Di'o su riƙa duba littattafan shari'a, kuma ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya amince. Wannan duba aikin jami'in mulki ne, ba na kotu ba. Sai a 1933, zamanin Gwamna Cameron, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e zuwa kotunan Turawa, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma.

Nauyin wannan canji ya bayyana a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta sami wani mutum mai suna Tsofo Gubba da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. A mazhabar Malikiyya, tsokana ba ta fitar da kisa daga ganganci. Magadan mamaci ke da zaɓi, ko ƙisasi ko afuwa. Amma a kundin laifuka na Turawa, wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Da ƙarar ta isa Kotun Afirka ta Yamma, sai ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa laifin da kundin ya ambata, da kundin za a hukunta shi, ko da a gaban alƙali ne.

Abin lura a nan shi ne, kotun ba ta ce Gwandu ta yi kuskure a fiƙihu ba. Cewa ta yi ba fiƙihu ne ma'aunin ba. Saboda haka sarakuna da malamai suka ga an janye musu tabarma, suka yi ƙorafi ƙwarai, har aka yi sabuwar doka a 1948 don mayar wa kotunan En'e ikonsu, aka kuma sake gyara a 1951. Duk da haka gardamar ba ta kwanta ba, domin ta sake tasowa a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato a 1957.

Da mulkin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Shawarar kwamitin ce ta haifar da dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta zama ita ce dokar laifuka a kowace kotu ta Jihar Arewa. A shekarar kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, aka taƙaita hurumin ta ga aure da gado da wasiyya da makamantansu.

Darasin da mai nazari zai ɗauka shi ne, ikon duba hukuncin ƙaramar kotu ya wuce gyaran kuskure. Wanda ƙara ke ƙarewa a gabansa, shi ke zaɓar ma'aunin da za a auna gaskiya da shi. Wannan ne dalilin da ya sa muhawarar Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978 ta yi zafi a kan batu guda: kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya.