Alƙali a Kan Mumbarin Siyasa: Darasin Ayalan

A ƙauyukan Ayalan na ƙarni na 19, mutumin da ke karɓar haya a hannun manomi shi ne sau da yawa alƙalin da zai saurari ƙararsa. Waɗannan ƙananan alƙalai ba su da albashi. Akasarinsu masu filaye ne 'yan Furotesta, manoman kuwa galibi Katolika. Shugaban sashen shari'a na Ayalan ne ke naɗa alƙalan, kuma shi ke da ikon tuɓe su. Da wannan iko na tuɓewa aka riƙa sa wa bakinsu linzami.

A 1843 aka fara gwada shi gadan-gadan. Sir Edward Sugden, mai riƙe da muƙamin a lokacin, ya kori alƙalan da suka halarci tarukan neman raba majalisar Ayalan da ta Birtaniya, har da jagoran tarukan, Daniel O'Connell. Mutane suka ce an yi son kai, domin alƙalai 'yan ƙungiyar Orange ta Furotesta suna ta jawabansu ba wanda ya ce musu kanzil.

Sai a 1849 wuƙar ta juya. Ranar 12 ga Yuli, Lord Roden ya tarbi jerin gwanon 'yan Orange a gidansa na Tollymore, ya yi musu jawabi. A hanyarsu ta komawa aka yi arangama a Dolly's Brae, aka kashe Katolika da dama. Da maganar ta zo kotu, ga Roden zaune cikin alƙalai, aka kuma ƙi karɓar ƙarar da aka shigar kan 'yan Orange. Ganin haka gwamnati ta tuɓe shi. A ganina nan ne tushen ƙa'idar: wanda ya zuga taro bai cancanci yanke hukunci kan abin da taron ya haifar ba.

Rikicin filaye da ya ɓarke a 1879, lokacin da Michael Davitt da Parnell suka kafa ƙungiyar Land League mai kare manoma masu biyan haya, ya ƙara wa al'amarin zafi. 'Yan sanda na rubuta jawaban taruka, 'yan majalisar Ayalan kuma na tsare ministoci da tambaya a Landan: me ya sa ake ɗaure manomi saboda kalamansa, a ƙyale alƙali? A 1883 Lord Rossmore ya jagoranci 'yan Orange zuwa Rosslea don ƙalubalantar taron masu kishin ƙasa, aka raba shi da kujerarsa ta alƙali, duk da ƙorafin alƙalai 'yan'uwansa.