Raunin Laka a Yamai: Daga Wurin Hatsari zuwa Gadon Jinya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda raunin laka ke faruwa da abin da yake haifarwa, tare da la'akari da yanayin Yamai. Hujjarta ita ce, ɗaukar majinyaci daga wurin hatsari da kulawar bayan sallama suna da nauyi daidai da na tiyata.

Yanayin raunin

Laka igiyar jijiyoyi ce da ke cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Gurbin da ta ji rauni shi ke nuna girman asarar. Idan a ƙasusuwan wuya guda 7 ne, hannuwa da ƙafafu na iya shanyewa. Idan ya kai na 3 zuwa na 5, numfashi ma na iya tsayawa, domin daga nan jijiyar tantanin numfashi take fitowa. Raunin gadon baya kuwa yakan tsaya ga ƙafafu, mafitsara da hanji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya ƙiyasta mutum 250,000 zuwa 500,000 na samun wannan rauni kowace shekara a duniya.

Matsalar ɗauka da nisa

A Nijar, hatsarin mota da na kabu-kabu, faɗowa daga itace da ruftawar ramukan zinariya suna cikin musabbabai, haka ma tarin fuka da ke cin ƙashin baya. Masu tiyatar jijiyoyi sun fi taruwa a Yamai, a Asibitin Ƙasa da Babban Asibitin Kwatance da aka ƙaddamar a 2016. Majinyacin da aka turo Yamai daga Damagaram sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900. Tun kafin nan, jama'a sun ciccibe shi hannu da ƙafa, wuyansa na lilo, da niyyar taimako. Ƙashin da ya tsage kawai sai ya goce ya danne laka, raunin da zai iya warkewa ya zama na dindindin. Wasu iyalai kan fara kai shi wurin maɗori, alhali jan da ke gyara karayar ƙafa yana iya tsinke laka.

Bayan sallama

A nan ne, a ganina, aka fi sakaci. Wanda ba ya jin jikinsa ba ya sanin fatarsa na mutuwa, ga zafin bazarar Yamai da gumi suna gaggauta gyambon kwanciya. Fitsarin da ya taru yakan jawo cutar da ke haurawa zuwa ƙoda. Ludwig Guttmann, a cibiyar Stoke Mandeville ta Ingila da ya buɗe a 1944, ya rage mace-mace ta hanyar juya majinyaci kowace awa 2 da kula da mafitsara. Wannan aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A gidajenmu mata da uwaye ne ke yin sa, don haka su ya kamata a koya wa juyawa, duba fata da sa robar fitsari cikin tsabta tun majinyaci yana kan gadon asibiti.