Yunwa da Akushin Maƙwabci: Abin da Shekaru Suka Koya Mana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, daga nan Gamu har Gure da birnin Damagaram: yunwar da muke ji da la'asar sakaliya tana da magariba. Akwai yaran da tasu ba ta da magariba, kuma a kansu za mu waiwayi tarihi yau.

A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Hijaz, har aka kira ta shekarar toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya sa aka girka tukwane ana ciyar da baƙi, ya aika wa Amru ɗan Asi ya turo abinci. Shugaba ya fara da cikinsa, sa'an nan jama'a suka bi.

Ƙasarmu ma ta sha irin wannan. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta share garuruwa daga Damagaram har Kano. Mutane suka koma ga anza da jiga da ƙarangiya, har suna tonon gidan tururuwa don tsabar da ta tara. Waɗanda suka fi tsira su ne gidajen da ke da rumbun tsimi, wanda maigida ba ya buɗewa sai shekara ta ɓaci. Hikimar Annabi Yusufu ke nan, ta barin hatsi a zangarniyarsa.

Ta 1973 kuwa da idonmu muka gani, muna almajirai. Dabbobi suka ƙare, makiyaya suka sauko gari da ƴaƴansu. Taimako ya zo daga ƙasashen waje, amma kukan cewa bai kai ga masu shi ba yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani. Mu dai abin da ya riƙe ranmu kafin motoci su iso shi ne iyayenmu mata na unguwa. Kowace tana da almajirinta. Ko ƙanzo ne ya rage, sai ta jiƙa ta zuba masa.

A 1984 damina ta sake ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, shi ya sa aka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Bayanta ne bankunan hatsi suka yawaita a ƙauyuka. Wanda aka damƙa wa masu amana ya daɗe. Wanda aka ci bashinsa ba a biya ba, ya zama ɗakin ɓeraye.

Sai 2005, bayan fara ta ci gonaki ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Wannan karon akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Yaran jihohin Maradi da Damagaram suka cika gidajen jinyar tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar fiye da yara 60,000 a wannan shekara. Nan muka gane yaro yana iya mutuwa da yunwa a gefen tarin buhuna, idan manomi ya sayar da araha da kaka, mai ɓoyewa kuma ya jira bazara.

To, ina darasin? Agajin nesa yakan iso bayan an yi jana'iza. Maƙwabci ne ke jin kukan yaro tun daren farko. Suratul Ma'un ta lissafa wanda ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini cikin masu ƙaryata sakamako. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai.

Saboda haka mu fitar da ushurin hatsinmu tun a masussuka, a ajiye a rumbun masallaci hannun amintattu har lokacin da damina ta tsaya cikin gari babu komai. Zakkar fidda kai, mudun Nabi huɗu, a fara kai ta gidan marayu da zawarawa. Mu malamai kada mu tura yaro birni ba mu san akushin da zai ci ba. Uwar da ta ga ɗanta yana ramewa ko ƙafarsa ta kumbura, ta kai shi likita, maƙwabta su riƙe mata sauran.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ji ƙan waɗanda yunwa ta ɗauke, Ya karɓi azuminmu. Amin.