Kukan Lasifika da Iyakar Gyara

Duk wanda ya taɓa zama a sahun gaba a masallacin Juma'a a Rigachikun, ko a wurin walima a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, ya san wannan ƙara. Mai magana ya matso kusa da lasifika da makirfo a hannu, sai wani fito mai tsini ya tsaga kunnuwa, har wani yaro ya ruga ya rage murya. Sautin da ya fita daga lasifika ne ya koma makirfo, aka ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa. Da yatsa biyu yaron ya kashe matsalar da manyan injiniyoyi suka shafe fiye da shekara goma kafin su gama bayyana ta a takarda.

Asalin labarin wayar tarho ne. A 1915 aka buɗe layi daga New York zuwa San Francisco a Amurka. Murya na raunana a doguwar waya, don haka ake dasa amfilifaya a kan hanya, amma kowace tana ɗan gurɓata sautin, gurɓatar kuma tana taruwa. Ranar 2 ga Agustan 1927, wani matashin injiniyan Bell Labs, Harold Black, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson zai tafi aiki, dabara ta faɗo masa, ya zana ta a shafin jaridar New York Times: a ɗebi kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar, a mayar da shi baya, a rage shi daga abin da ke shigowa.

Ga ribar. A ce amfilifaya tana ninka sauti sau 10,000, aka mayar da kashi ɗaya cikin ɗari. Ninkin ya faɗo zuwa kusan 99. To amma ko na'urar ta tsufa ƙarfinta ya ragu da rabi, ninkin 98 zai koma. An sayar da ƙarfi an sayi amana. Sai a 1937 aka ba Black takardar mallakar ƙirƙirarsa, bayan shekara tara da nema.

Sai dai amfilifayar Black takan ɓarke da abin da injiniyoyin suke kira waƙa, wato kukan nan na lasifika. Dalili shi ne gyara ba ya isowa nan take. Sauti kaɗawa ce, sama da ƙasa. Idan abin da aka mayar ya makara da rabin kaɗawa, wato digiri 180, ragi ya zama ƙari, maganin ya koma cutar.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1788 James Watt ya sa wa injin tururi na'urar daidaita gudu, wadda Turawa suka raɗa wa suna gwamna, kuma a 1868 James Clerk Maxwell ya yi lissafin abin da ke sa irinta tangal-tangal. Amma hanyarsa na buƙatar cikakken lissafin na'ura, abin da ya fi ƙarfin mai amfilifaya mai sassa barkatai.

Harry Nyquist, haifaffen Suwidin, shi ya kawo mafita a 1932. Ya nuna cewa a kwance zagayen, a tura masa kaɗawa daga mai nawa zuwa mai sauri, a auna abu biyu a kowane mataki: sau nawa ta ninku, kuma da digiri nawa ta makara. Daga zanen waɗannan awo za a san ko na'urar za ta natsu kafin a ɗaure zagayen. Hendrik Bode ya raba zanen gida biyu, ninki a sama, makara a ƙasa, har ɗalibi ya iya karantawa. A duba inda makara ta kai digiri 180: idan ninki a wurin rabi ne, to saura ninki biyu a faɗa rami. A duba inda ninki ya sauko ɗaya: digirin da suka rage kafin 180 su ne sauran numfashin na'urar. A al'ada ana son ragowar ninki biyu ko fiye, da digiri 30 zuwa 60.

A ganina, aikin Bode na 1940 ya fi zanen da ya ɗauki sunansa daraja. Ya tabbatar da cewa ninki da makara a ɗaure suke da juna. Idan ninki na raguwa sau goma duk lokacin da saurin kaɗawa ya ninku goma, makara na kusan digiri 90. Idan ka matsa ya ragu sau ɗari, makara ta doshi 180. Wato akwai iyakar da ƙwarewa ba ta tsallakewa, kuma shi ne ya auna ta. Littafinsa na 1945 ya fito da ilimin daga ɗakin tarho, bayan yaƙin duniya na biyu ya riga ya gwada shi a na'urorin saita bindigogin kakkaɓo jirage.

Mu dawo gida. Kogin Kaduna, bayan ya wuce gari, an tare shi a Shiroro, tashar megawat 600 da ta fara aiki a 1990, wadda layinta ke shigowa Mando. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma jikan gwamnan Watt ne ke gadin wannan adadi a injin ruwa, ta hanyar buɗe ƙofar ruwa da rufe ta. Ruwa kuwa yana da nauyin jiki. Idan aka buɗe ƙofa farat ɗaya, matsinsa na faɗuwa kafin ruwan da ke cikin bututu ya ɗauki gudu, sai ƙarfin injin ya fara raguwa kafin ya ƙaru. Gwamna mai zumuɗi zai ga gudu na ƙara sauka, ya ƙara buɗewa, ruwa ya iso da ƙarfi, ya rufe, ya sake makara. Wannan ita ce makarar da ta wuce abin da dokar Bode ta tilasta, kuma a zane tana cinye ragowar digirin da wuri. Shi ya sa ake rage wa gwamnan injin ruwa kaifi da gangan a kan canji mai sauri, ta yadda idan gari ya kunna fitilu da almuru, injin kan ɗauki daƙiƙu kafin ya gama amsawa.