Jean Rouch (1917–2004): Baturen da ya saɓa kyamara ya bi Nijar da ƙafa

Jean Rouch injiniya ne ɗan ƙasar Faransa da ya rikiɗe ya zama mai ɗaukar hoton fim kuma masanin al'adun al'umma. An haife shi a birnin Paris ranar 31 ga Mayu, 1917, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Fabrairu, 2004. Ya bar finafinai sama da 100, akasarinsu a Nijar, Mali, Gana da Kwaddibuwa, kuma a mafi yawansu shi da hannunsa ya riƙe kyamara. Masana tarihin silima suna lissafa shi cikin waɗanda suka sauya yadda ake ɗaukar hoto a duniya, amma wasu manyan masu shirya fim na Afirka sun zarge shi da mayar da baƙar fata abin kallo. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba.

Zuwansa Nijar

Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi. Shi kuwa Jean ya karanci aikin gina hanyoyi da gadoji, kuma a 1941, Jamus na mamaye da Faransa, aka turo shi Yamai ya kula da aikin hanya. Leburorin da ke ƙarƙashinsa mutanen ƙauye ne da aka kamo aikin tilas, kuma daga baya shi kansa bai ɓoye wannan ba. A nan ya haɗu da Damouré Zika, wani saurayi daga zuriyar Sarkawa masunta, wanda ya zama abokinsa har ƙarshen rayuwa.

A 1942 aradu ta faɗo ta kashe wasu daga cikin leburorin. Damouré ya kai shi wurin kakarsa Kalia, wadda ta jagoranci bikin da Zabarmawa da Sanwayawa ke yi wa Dongo, iskan tsawa. Rouch ya rubuta abin da ya gani ya aika wa malamansa. Ba da jimawa ba ya saɓa da gwamnan mulkin mallaka, aka kore shi zuwa Dakar, daga can ya shiga rundunar Faransa har yaƙi ya ƙare.

Kyamarar da ta rasa ƙafafunta

A 1946 ya dawo tare da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi Kogin Kwara a kwalekwale daga mafarinsa a Gini har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kusan kilomita 4,000. Yana ɗauke da tsohuwar kyamarar Bell & Howell mai fim na milimita 16 da ya saya a kasuwar gwanjo. Tun a farkon tafiyar ya rasa ƙafafun da ake ɗora ta a kai. A ƙa'idar masu sana'ar a lokacin, hoton da aka ɗauka da hannu hoton ɗan koyo ne, domin yana rawa. Rouch ya ci gaba da ɗauka a haka don ba shi da zaɓi, kuma bai sake komawa ga tsohuwar ƙa'idar ba.

Na'urar tana da wata matsalar. Sai an murɗa mata wani kamar tsohon agogo, kuma ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai ta tsaya. Ba ta ɗaukar sauti. Wannan ya tilasta masa ya riƙa tunanin inda zai tsaya na gaba a daidai lokacin da yake murɗa ta, wato yana tace fim ɗin a kansa tun kafin ya ƙare ɗauka. Daga nan salonsa ya samo asali: ba ya son tsayawa nesa ya janyo hoto da gilashi, ya fi son ya taka ya shiga cikin taro, ya matsa kusa da fuskar mutum. Ya kuma ƙi tafiya da ayarin ma'aikata daga Turai, yana ganin cewa wanda ya san mutanen shi ya kamata ya riƙe kyamara. Mai ɗaukar masa sauti na shekaru da yawa ɗan Nijar ne, Moussa Hamidou.

Fim ɗinsa na farko, Au pays des mages noirs (1947), ya koya masa darasi mai ɗaci. Kamfanin da ya saya ya juya tsarin hotunan, ya kai bikin iskoki ƙarshe don ya burge 'yan kallo, ya kuma ɗora muryar mai sharhi da ke zuzuta abin kamar wasan tsere. Rouch ya daɗe yana nesanta kansa da wannan sigar.

Daren Ayoru

Abin da ya fi bambanta shi da sauran Turawan zamaninsa ya faru a Ayoru a 1954. Ya koma da fim ɗin farautar dorina, Bataille sur le grand fleuve, ya kafa farin ƙyalle ya haska wa mafarautan da ke ciki. A wancan zamani motocin majigi na gwamnatin Ingila suna zagaya garuruwan Arewacin Najeriya, irin wanda dattawan Kazaure ko Babura za su iya ba da labari, ana nuna wa jama'a darussan tsafta da noma, a naɗe ƙyalle a wuce, ba wanda ake tambaya ra'ayinsa. A Ayoru kuwa masu kallo suka yi gyara. Suka ce kiɗan da ya ɗora a kan farautar kuskure ne, domin dorina tana ji, kuma kiɗa zai ƙara mata ƙarfin hali. Farauta cikin shiru ake yin ta. Rouch ya karɓi gyaran.

A wannan zaman ne aka haifi wasu finafinan biyu. Wani maharbin zaki ya gayyace shi ya zo ya ga tasu farautar, wadda ta zama La Chasse au lion à l'arc (1965) bayan shekaru ana ɗauka. Damouré kuma ya ba da shawarar su yi fim da kansu, aka yi Jaguar, labarin samari uku da suka tafi cirani Gana.

Hauka da rigimar da ta biyo baya

Les Maîtres fous (1955) shi ne aikinsa da ya fi tayar da ƙura. Ya ɗauke shi a wajen birnin Akara, a taron 'yan ciranin Nijar mabiya Hauka. Sunan kalmar Hausa ce, kuma ɗariƙar ta ɓulla ne a yankin Filinge a tsakiyar shekarun 1920, inda iskokin da ke hawa kan mutane suka zo da siffar masu mulki: Gwamna, Janar, Kofur, da wani da ake kira Kwamandan Mugu. Hukumar Faransa ta ɗaure mabiyanta, da yawa suka yi ƙaura zuwa Gana. A fim ɗin an ga mutane suna kumfar baki, suna faretin soja, suna yanka kare su ci. A wani wuri Rouch ya yanke daga ƙwan da aka fasa a kan gunkin Gwamna zuwa farin gashin da ke kan hular gwamnan Ingila na gaske a wurin fareti, kuma wannan yankan shi ne hujjar masu cewa fim ɗin ba'a ce ga mulkin mallaka.

Kusan kowa ya fusata. Malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata fim ɗin. Ɗaliban Afirka a Paris suka ce zai ƙarfafa masu ganin baƙar fata a matsayin dabba. Ingila ta hana nuna shi a yankunanta don ya ci mutuncin gwamna. Duk da haka ya sami kyauta a bikin finafinai na Venis a 1957. Ɗaliban suna da gaskiyarsu: ɗan kallon da bai san tarihin Filinge ba, kumfar bakin zai tafi da ita gida. A 1965 Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Waɗanda suka karɓi kyamara

A Moi, un noir (1958), wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, ya bar wani ɗan dako daga Nijar, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocina, ya ba da labarin kansa da muryarsa a kan hotunan. Wannan ɗan dako shi ne Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama mai shirya fim, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, wanda ya yi fice da finafinan zane masu yi wa shugabanni shaguɓe, shi ma Rouch ya taimaka masa a farkon tafiyarsa.

A Faransa, matasan masu shirya fim irin su Jean-Luc Godard sun ɗauki darasi daga Moi, un noir. A 1960 Rouch da Edgar Morin suka juya kyamara kan mutanen Paris a Chronique d'un été, da sabuwar na'ura mara nauyi da ke tafiya tare da sauti, inda ɗan Kanada Michel Brault ya ɗauki wani sashe. A Petit à petit kuwa Damouré ne ya je Paris yana tare Faransawa a titi, yana auna kawunansu yana duba haƙoransu, kamar yadda masanan Turai suka saba yi wa 'yan Afirka. Daga 1967 Rouch ya shafe shekaru yana ɗaukar bikin Sigi na Dogon a Mali, wanda ake yi sau ɗaya cikin shekara 60.

Rasuwarsa

Ya je Nijar a Fabrairun 2004 don wani bikin finafinai, yana da shekara 86. Motarsu ta yi haɗari da dare a hanyar Tawa. Damouré Zika da Moustapha Alassane suna cikin motar, suka tsira. An binne shi a Yamai, kuma cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke birnin ta ɗauki sunansa. Bayan juyin mulkin 2023 da ɓacin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu, hukumomin sojan Nijar sun cire sunan Rouch daga cibiyar, suka sa mata na Moustapha Alassane.